Isalo, Inda Dutse Yake Ajiye Ruwa

Wanda ya taso daga Antananarivo, babban birnin Madagaska, zai nufi kudancin ƙasar, babbar hanya ɗaya ce a gabansa, wadda ake kira RN7. Tana ratsa Antsirabe da Ambositra da Fianarantsoa, ƙasar tuddai da gonakin shinkafa da aka yanka hawa-hawa a jikin gangara. Daga Ambalavao ƙasa take fara sauya kama, itatuwa suna raguwa, iska tana bushewa. Da muka wuce Ihosy mota ta hau tudun Horombe, sai ciyawa kawai har iyakar ganin ido, da garken shanu masu tozo can nesa. A ƙarshen wannan fili duwatsun Isalo suke tsaye, kusan kilomita 700 daga babban birnin. Da farko wani dogon layi ne ja-ja a gindin sama. Muna matsowa yana tsagewa, yana fitar da kawuna da ƙahoni da ramuka, har muka sauka Ranohira, ƙaramin garin da masu niyyar shiga duwatsun suke kwana.

An keɓe Isalo a matsayin gandun daji na ƙasa tun 1962, faɗinsa kuwa murabba'in kilomita 815 ne. Dokar wurin ita ce baƙo ba ya shiga shi kaɗai. Sai ka je ofishin gandun a cikin Ranohira, ka yanki takardar shiga, ka zaɓi turbar da ƙafarka za ta iya, a haɗa ka da ɗan jagora. Akwai turbar da ake gamawa kafin azahar, akwai ta wuni guda, akwai kuma wadda sai an ɗauki tanti da masu dako an kwana a daji. Na ji wasu baƙi suna gunaguni a kan wannan doka. Ni kam ina bayanta. A saman Isalo kowane lungu kama yake da ɗan'uwansa, turba tana ɓacewa a kan falalen dutse inda sawu ba ya kamawa, kuma yawancin abin da ya cancanci a tsaya a duba, idon baƙo wucewa yake yi ta kansa.

Jagoranmu mutumin Bara ne, ƙabilar makiyayan da wannan yanki yake ƙasarsu. Dogo ne, ba shi da yawan magana. Ya ce mu fito tun rana ba ta ɗaga ba, domin a sama babu inuwa. Mota ta kai mu gindin dutse ta wata hanyar ƙasa, daga nan sai ƙafa. Hawan farko matakala ce, wani wurin an sassaƙa ta a jikin dutsen, wani wurin an jera duwatsu. Ba mu yi nisa ba ya tsaya ya ce, "Tompoko," wato yallaɓai da harshensu, "shafa nan." Na goga tafin hannuna a bangon, na duba, sai ga yashi ƙwaya-ƙwaya a hannuna, mai kaushi, launin ƙasa-ƙasa.

Duk Isalo daga wannan yashi ya fito. Kimanin shekaru miliyan 200 da suka wuce, lokacin Madagaska tana manne da Afirka a cikin babbar nahiyar da masana ke kira Gondwana, manyan koguna suka riƙa kwaso yashi da tsakuwa suna jibgewa a wani ƙaton kwari. Wani ya hau kan wani, nauyin na sama ya danne na ƙasa, ma'adinan da ke cikin ruwa suka liƙe ƙwayoyin, har yashi ya zama dutse. Daga baya motsin ƙasa ya ɗaga shi ya tsattsaga shi, ruwan sama da iska suka shiga tsagogin suna ci. Ba sai an gaya maka duk wannan ba, bangon da kansa yana nunawa. Akwai manyan layuka a kwance, a tsakaninsu kuma wasu sirara a karkace, waɗanda ke nuna inda ruwan ya nufa lokacin da yake tura yashin. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne tsakuwa. Jerin tsakuwoyi ne masu santsi, mulmulallu, irin waɗanda kogi ne kaɗai ke mulmula su haka, ga su a maƙale a bango can saman dutse, inda babu ko ɗigon ruwa. Na daɗe a tsaye a gabansu. Jagoran bai ce mu yi sauri ba, da alama ya saba da masu tsayawa a nan.

Siffofin da suka sa wurin ya yi suna daga bambancin ƙarfin layukan suka samo asali. Layi mai laushi yana riga zaizayewa, mai tauri, musamman wanda ƙarfe ya yi yawa a cikinsa, yana tsayawa ya zama rufi a kan na ƙasansa. Haka ake samun hasumiyoyi, da rumfuna, da ramukan da suka huda dutse har kana hango sama ta cikinsu. Jan launin tsatsar ƙarfe ce. Ruwan ɗorawa da lemo da kore-koren da suka lulluɓe wasu bangayen kuwa wata irin gansakuka ce mai manne wa dutse, wadda ke rayuwa da raɓa da hasken rana. Akwai duwatsun da aka raɗa wa suna a gefen babbar hanya, kamar Sarauniyar Isalo da Tagar Isalo inda motoci ke taruwa da yamma don kallon faɗuwar rana. Suna da kyau, amma wanda ya tsaya iya nan bai shiga Isalo ba.

Da muka kai sama, fili ya buɗe. Wuri mafi tsayi a gandun ya haura mita 1,200 daga matakin teku, iska tana kaɗawa, amma rana tana dukan dutse, dutsen yana mayar maka da zafin ta ƙasa. Na zo a ƙarshen rani, wajen watan Satumba, tunda a can damina daga Nuwamba take farawa zuwa Maris. Ciyawa duk ta bushe ta zama ruwan zinariya. A kallon farko za ka ce babu abin da ke da rai a nan. Sai jagoran ya durƙusa ya nuna mana wani tsiro da ake kira ƙafar giwa. Gajere ne, bai wuce gwiwa ba, gindinsa a kumbure, launin toka, yana zaune a kan tsirarar dutse, saiwoyinsa sun kutsa cikin tsaga. A cikin wannan kumburin yake tara ruwan damina ya yi ta lallaɓawa har wata daminar. Mun yi sa'a lokacin furensa ne, furanni ruwan ɗorawa a kan dogayen sillaye, a lokacin da komai na kewaye da shi ya bushe. Girmansa a hankali yake, har wanda ka gani ƙarami zai iya girme ka. Kusa da shi akwai wani irin zabuwa, wato alo, da aka sa wa sunan Isalo saboda a nan aka san shi. Can kuma a gangara itatuwan tapiya ne, gajeru, masu kaurin ɓawo, waɗanda wata tsutsar siliki ta daji ke cin ganyensu.

A wannan filin na sama ne jagoran ya rage murya. Ya lanƙwasa yatsansa, ya nuna wani bango da gaɓar yatsan, domin a wurinsu ba a miƙe yatsa ana nuna kabari. Sai da na ƙura ido sannan na ga bakin wani kogo da aka toshe da jerin duwatsu. Mutanen Bara a cikin waɗannan duwatsu suke binne matattunsu. Da farko ana ajiye mamaci a kogon da ke ƙasa-ƙasa. Bayan shekaru dangi su dawo, su kwashe ƙasusuwan, su wanke, su naɗe, su kai su kogon dindindin can sama a jikin bango, wani wurin ma sai an zura mutum da igiya. Mun wuce wani tsohon akwatin gawa da aka bari bayan an kwashe abin da ke ciki. Ya ce, "Kakannina suna cikin dutsen nan, amma ba ta wannan gefen ba." Ko wace irin aƙida mutum ya zo da ita, ya kamata ya san cewa a maƙabartar iyayen wasu yake tafiya. Na ga wasu matasa baƙi suna ihu don su ji dutse ya amsa musu, abin bai yi mini daɗi ba ko kaɗan.

Daga nan turba ta fara gangarawa, ta shiga tsakanin duwatsu biyu, sai kunnena ya jiyo abin da ban zata ba a irin wannan fako: ƙarar ruwa. Muka karya kwana, ga kore shar a ƙasanmu. Wannan shi ne wurin da allon gandun ya kira Piscine Naturelle, wani kwarmin ruwa garai-garai wanda ƙaramar ƙorama ke zubowa cikinsa daga kan dutse. Ƙasansa farin yashi ne, gefensa itatuwan pandanus masu dogayen ganye da saiwoyin da suka fito waje suka tokare ƙasa. Sanyin wurin ya doki fuskata tun kafin in kai bakin ruwan.

Na zauna ina tambayar kaina, an yi watanni ba a ga ruwan sama ba, daga ina wannan ƙorama take samun ruwa? Amsar tana cikin yashin da na goga a hannuna da safe. Tsakanin ƙwayar yashi da 'yar'uwarta akwai ɗan sarari, ko da sun liƙe sun zama dutse. Idan damina ta sauka, wani ruwan yana gudu a kan falale ya faɗa kwazazzabo, amma wani dutsen ne ke shanye shi. Sai ya riƙa nitsewa a hankali, har ya ci karo da layin da ya fi tauri ko mai laka wanda ba ya barin ruwa ya wuce, daga nan ya bi gefe ya tsattsafo a gindin bango. Kamar randar ƙasa ce da aka cika, jikinta yana naso a hankali, ruwan kuma da sanyinsa. Saboda haka wannan busasshen tudun da muka sha rana a kansa, wanda ya yi kama da wurin da ba shi da amfani, shi ne ma'ajiyar ruwan duk wani kore da ke ƙasa. Yashin kuma yana tace ruwan a hanya, shi ya sa kake ganin ƙasan tafkin tar.

Wannan ne ya sa nake ganin masu zuwa da mota har kusa da kwazazzabo, su shiga su yi wanka su ɗauki hoto su fita, sun yi asarar rabin abin. Sai ka bi ta sama, ka ji ƙishirwa, ka ga ƙafar giwa tana tattalin ɗan ruwanta, sannan za ka san darajar abin da ke gudana a ƙasa.

Daga tafkin muka sake hawa, muka bi doron dutse zuwa kwarin Namaza. Wannan zangon shi ne mafi wahala a wunin. Rana ta take, babu bishiyar fakewa, ruwan gorarmu ya yi ɗumi. Duk mai zuwa ya ɗauki ruwa fiye da yadda yake zaton zai sha, da hula mai faɗi, da takalmin da tafinsa ke kama dutse, domin yashin da ya ɓarɓashe a kan falale yana da santsi a gangara. Ta gefen gabas muna hango filin Ranohira shimfiɗe, da wasu baƙaƙen tabo a cikin ciyawa inda wuta ta ci. Jagoran ya riƙa ce mana mu taka a hankali, kuma kada mu bar turba. Dalilinsa a fili yake: inda ƙafafu suka yanke hanya suka kashe ciyawa, damina ɗaya ta isa ta mayar da sawun ya zama zaizayayyen rami.

Saukar Namaza matakala ce mai tsawo, gwiwa tana ji a jikinta. A ƙasa akwai sansanin kwana a cikin kurmi, a nan muka haɗu da maki, dabbar da Turawa ke kira lemur, wadda asalinta ba a samunta a daji sai a Madagaska da 'yan tsibiran da ke kusa. Waɗannan masu zoben baƙi da fari ne a jela. Suna tafiya a ƙasa jela a tsaye, garke guda, wata uwa da ɗanta manne a cikinta. Mata ne ke shugabancin garken, su ke fara cin abinci, namiji ya jira. An hana ba su abinci, kuma hanin yana da hujja, domin waɗanda suka saba da hannun mutane sukan daina neman na daji su koma fizgen jakar baƙi.

Daga sansanin muka shiga cikin kwazazzabon kansa, muna bin ƙorama zuwa sama. A nan na so a ce lokaci ya tsaya. Bangaye biyu suna matsowa kusa da juna, sama tana ƙanƙancewa har ta koma siririn tsiri. Wasu kwazazzaban Isalo zurfinsu ya kai mita 200. Turbar tana tsallaka ruwa daga dutse zuwa dutse, wani wurin an sassaƙa gurbin taka ƙafa a jikin bango. Ko'ina ruwa ne ke ɗiga, daga tsaga, daga saiwa, daga gansakukar da ta yi kauri a jikin dutse. Akwai manyan ganyaye masu son laima da ba za su yi wuni ɗaya a sama ba tare da sun ƙone ba, alhali tsakaninsu da wancan zafin bai wuce tsayin bangon ba. A ƙarshen hanyar tafkuna biyu ne kusa da juna. Ɗaya shuɗi, saboda bai da zurfi kuma haske yana kai wa farin yashinsa. Ɗayan baƙi ƙirin, saboda zurfi da inuwar bango, ruwa yana zubowa cikinsa daga sama. Na sa ƙafa a baƙin, sanyinsa ya ratsa ni har ƙashi.

Muna zaune jagoran ya nuna mini wani guntun icce da tarkacen ciyawa da suka maƙale a wata tsaga, sama da kanmu nesa ba kusa ba. Ya ce, "Tompoko, nan ruwa yake kaiwa." Idan aka yi ruwa mai ƙarfi a kan tudu, duk abin da falale bai shanye ba a wannan matsattsen wuri yake haɗuwa, ya taho lokaci ɗaya da duwatsu da itatuwa. Yana iya zuwa ko da a inda kake sama tana garau. Shi ya sa da damina jagorori suke duban hadari kafin su shigar da kowa, wani lokacin su ƙi shiga sam. Wannan ambaliyar ce kuma ta haƙa kwazazzabon tun asali, yashin da ta ɗauko shi ne abin da take goge dutsen da shi. Akwai wani ɗan kwaɗo mai launin ja da kore da baƙi da fari wanda a wannan yanki kaɗai ake samunsa a duniya. Da rani yana binne a cikin yashi. Ƙafafunsa na baya na tono ne, na gaba kuma suna kama bango, yadda idan ruwa ya taho zai iya hawa ya tsira. Kyansa ya jawo masa masu kama shi suna sayarwa ƙasashen waje, yanzu yana cikin halittun da ake fargabar ƙarewarsu.

Wata safiyar muka nufi arewa da Ranohira, inda kwazazzabai biyu suke buɗe baki a jikin doguwar katangar dutsen, Canyon des Makis da Canyon des Rats. Kafin ka kai bakinsu sai ka ratsa gonakin shinkafa, kana taka kunya-kunya tsakanin fadamu. Manoman sun ja ruwan da ke fitowa daga kwazazzabon ta ƙananan magudanai zuwa gonakinsu, a tsakiyar ƙasar da ciyawarta ta bushe ƙamas. A kurmin bakin kwazazzabon muka ga sifaka, wani farin lemur mai dogayen ƙafafu, yana tsalle daga bishiya zuwa bishiya jikinsa a tsaye. Ciki kuwa manyan duwatsu ne da suka ɓalle daga sama suka tare hanya, sai an bi ta ƙarƙashinsu ko an haye su da hannu da ƙafa.

A hanyar dawowa hayaƙi yana tashi daga yamma. Makiyaya suna cinna wa busasshiyar ciyawa wuta a ƙarshen rani domin sabon tsiro ya fito wa shanu, iska kuma ba ta san iyakar gandu ba. Tapiya tana jure wuta saboda kaurin ɓawonta, haka ma wani dogon kaba mai ganye ruwan toka da ke tsaye ɗai-ɗai a filin. Kurmin kwazazzabo ba ya jurewa. Duk lokacin da wuta ta lasa bakinsa sai ya ja da baya, ciyawa ta maye gurbinsa, ita kuma ciyawar ta zama makamashin wutar baɗi. Ma'aikatan gandun suna share layukan tare wuta, amma wurin yana da faɗi. Ban ga amfanin zagin makiyayan ba. A wurin mutumin Bara saniya ita ce dukiya da mutunci, kuma sun riga gandun zama a nan. Sai dai ruwan da shanunsu ke sha da wanda ke shayar da shinkafar ƙauyukansu daga cikin waɗannan kwazazzabai yake fitowa, don haka asarar kurmin a kansu za ta fara sauka. Jagoranmu ya san haka sarai, shi da ke da shanu a gida kuma yake cin abinci daga gandun.

Ga mai ƙarfin ƙafa akwai doguwar turba ta kwanaki zuwa arewacin gandun, wurin da ake kira Teniky, inda aka sassaƙa ɗakuna da gurabe a jikin dutsen yashi. An daɗe ana danganta su ga Turawan Fotugal da jirginsu ya nutse, har ana kiran wurin kogon 'yan Fotugal. Binciken da aka wallafa a 2024 ya nuna cewa an zauna a wurin tun tsakanin ƙarni na 10 da na 12, alhali 'yan Fotugal ba su ga Madagaska ba sai a 1500.

Da muka bar Ranohira muka ci gaba da bin RN7 zuwa Toliyara, ba a jima ba muka shiga Ilakaka. Ƙauye ne na 'yan gidaje har zuwa 1998, lokacin da aka gano safaya, wato shuɗin yakutu, a cikin tsakuwar yankin. Cikin 'yan shekaru dubban mutane suka kwararo daga ko'ina a tsibirin, masu saye kuma suka zo daga Sri Lanka da Tailan, shagunansu jere a bakin titi. Tsoffin kogunan da suka tara yashin Isalo su ne suka kwaso waɗannan duwatsu masu daraja suka binne a cikinsa. Direbanmu ya rage gudu a kan gada. A ƙasa maza da mata da yara suna tsaye cikin kogi har gwiwa, kowa da rariyarsa, suna wanke tsakuwar da aka haƙo daga ramuka, ruwan ya koma ja saboda laka. Bayan garin kuma tudun yashi ne da ramuka, rami bayan rami, har inda titin ya karkata ya nufi teku.